Ranar da Aradu Ta Faɗa wa Tanko

Sun sare ɗorawar nan ta bakin gonarmu. Ina zaune ina tsintar wake na ji inji yana ta gurnani, na ɗauka masu niƙa ne, sai jikata ta shigo ta ce, "Kaka, ɗorawarku ake yankawa, wai wanda ya sayi filin zai sa harsashi." Na ajiye faifai, na ɗauki sandata na fita. Kafin in isa har ta kwanta, yara sun hau kanta suna tsalle. Ban yi wa kowa faɗa ba, ai wanda ya sayi wuri ya sayi inuwarsa. Na dai zagaya har na sami gefen da nake nema, inda wani baƙin tabo ya tsaga ta daga sama har gindi, na ɗora hannuna a kai. Mai injin ya ce, "Iya, matsa kada reshe ya buge ki." Bai san abin da nake taɓawa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Waɗanda suka san tabon nan duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni.

A da in ka tsaya a gindinta da damina, ba abin da idonka zai gani sai gero da dawa da gyaɗa, gona na jingine da gona, iyakar kowa 'yar gamba ce wadda ko akuya za ta tsallake, amma ba wanda yake matsar da ita. Da asuba kiran salla ya taso daga unguwar Musulmi, can sai luguden mata ya amsa daga gida zuwa gida, sannan jakuna su bi hanya a jere da itace za su birni, da yamma su komo da taki a mangala. Ran Lahadi kuwa mai bishara ya ɗauki dutse ya buga wani tsohon ƙarfen mota da ya rataye a jikin darbejiya, mu fito da tabarmi mu nufi 'yar majami'armu ta jinka, wadda in ruwa ya sauko sai kowa ya nemi inda ba ya yoyo. Yanzu majami'ar ta bulo ce, har da fanka da lasifika, kuma ban ce na ƙi fanka ba. Sai dai gonakin sun zama filoti, hanyar jakuna ta zama kwalta, adaidaita sahu ke ta kai da kawowa, in ka gai da maƙwabci sai ya fara duba ko ya san ka.

Ina yarinya ɗanya aka kawo ni gidan nan. Gidan Maguzawa ne babba, sassa da yawa, kowace mace da gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta, da rumbunta, mu mata ba a san mu da zaman ɗaki ba, fartanya muke ɗauka kamar kowa. Mijina da mahaifiyarsa sun karɓi Almasihu, ni ma a cikin bin sa na tashi. Amma babban gidan, wan mahaifin mijina, wanda muke kira Baffa, yana nan a kan abin da ya gada, da tukunyarsa a bayan rumbu da zakarun da yake yankawa. Surukata kowa Inna yake ce mata. Gajeriya ce, mijinta ya rasu tun yaranta na ƙanana, tafin hannunta ya fi na namiji kaushi. Ba ta iya karatu ba, ko baƙi ɗaya. Abin da aka karanta ran Lahadi shi take riƙewa a ka, ta yi ta juya shi duk mako tana noma, wani lokaci sai ka ji ta yi dariya ita kaɗai a tsakiyar kunya. Ba ta da yawan wa'azi, faɗa ne dai take da shi. In na yi shara na bar lungu sai ta ce, "'Yar nan, lungun ma Allah ne ya yi shi." Ina tsoronta, kuma na fi wata nawa kafin in gane ina sonta.

Akwai abu ɗaya da duk ƙasarmu aka yi tarayya a kansa, Bamaguje da Musulmi da mu masu zuwa majami'a, wato tsoron aradu. An ce aradu ba ta faɗuwa banza, aiko ta ake yi. In aka yi wa mutum sata ya kira ta, to, za ta bi ɓarawo ko yana cikin taro ta tsame shi. Wanda ta faɗa wa kuwa ba a taɓa shi, ba a ɗaga shi, ko ɗan cikinka ne, sai an kirawo wasu maƙera da suka gaji abin sun zo da ƙwaryar madara sun yayyafa, sun cire gatarinta daga ƙasa. Wanda ya yi gaggawar taɓawa, an ce ya jawo wa gidansa, za ta dawo ta nemi nata. Liman ya sha cewa wannan ba ya cikin addini, mai bishara ma haka, mu kuma mu ce to. Amma da an yi walƙiya kowa ya san abin da ke ransa.

Shekarar da nake ba da labari, daminar baya ba ta yi kyau ba, don haka kafin marka ta yi tsakiya rumbuna sun fara amsa kuwwa. Tafasa da rama muke kwaɗantawa da ɗan ƙuli, a sha ruwa a koma gona. Ina da cikina na fari, ya fara turo zane. Wata safiya Inna ta hau rumbunta za ta ɗebo na daka, ta tarar an zare dami guda na gero. Ta sauko ba ta faɗa wa kowa ba sai ni, ni ce da bakina mai kama da ƙofar zaure na faɗa wa matan gida, kafin rana ta take maganar ta kai kunnen Baffa. Ya zo yana huci, ya ce gidansa aka shiga, shi aka raina, kuma zai kira aradu.

Inna ta durƙusa kamar yadda ake yi wa wan miji, ta ce, "Yaya, hatsin nawa ne. Na yafe."

Ya ce, "Hatsin naki ne, gidan nawa ne."

"Ina roƙonka ka bari. Wanda ya ɗauka yunwa ce ta aiko shi."

"Yau ya ɗauki naki kin yafe, gobe ya ɗauki nawa wa zai yafe?"

Bai bari ba. Ya yanka jan zakara, ya tsaya a ƙofar gida ya faɗi abin da zai faɗa da ƙarfi yadda har unguwar Musulmi sai da aka ji. Daga ranar kowa ya riƙa kallon sama, yana kuma kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

A unguwar Musulmin akwai wani mutum, Tanko, ƙaton gaske mai sanyin murya, sana'arsa kai itace birni da kawo taki. Jakinsa ya mutu da bazara, ga 'ya'ya reras. Gonarsa ce ke jingine da gayaunar Inna, ɗorawar nan tana kan iyaka. Ranar da abin ya faru muna maimai, wato noma na biyu, mijina ya tafi kasuwar Ɗanbatta sayar da akuya. Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwantar da gero. Ni da Inna muka ruga bukkar gona da ke can gefe, muka tarar da wasu sun riga mu. Muna hango Tanko ya nufi ɗorawa da fartanya a kafaɗa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sai wani haske ya cika duniya, ƙara ta biyo shi ba tazara, na ji ɗan cikina ya zabura. Da idona ya dawo, na ga ɗorawar tana hayaƙi cikin ruwa, reshe guda a ƙasa, Tanko kuma ba ya tsaye.

Ruwa na tsagaitawa mutane suka ɓullo daga ko'ina, har da Baffa. Aka yi zobe, amma zobe mai faɗi, ba wanda ya matsa kusa da inuwar itacen. Tanko na kwance rub da ciki, ya faɗa cikin kwarin kunya, rigarsa ta ƙone ta kafaɗa. Ruwan gonaki kuwa duk nan yake gangarowa, yana taruwa a kwarin, ya riga ya kai masa gefen baki. Muna kallo yatsun hannunsa suna motsi. Matarsa ta iso ba ko mayafi, ta yi kansa, mata suka riƙe ta tam, suna cewa ta tuna da 'ya'yanta. An tura yaro kiran maƙera, ya dawo ya ce rafi ya kawo, ba mai hayewa sai gobe. Sai na ji wani daga baya yana cewa, "Rana dubu ta ɓarawo." Wani ya amsa, "Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka." Na waiga na dubi Baffa. Fuskarsa ta yi fari fat, ina jin shi kansa bai zaci kiran nasa zai sami amsa ba.

Ban ga lokacin da Inna ta bar gefena ba. Na dai gan ta tana ratsa kunyoyi, taɓo har ƙauri, tana ɗaure zanenta. Baffa ya daka mata tsawa ya ce ta dawo. Wata tsohuwa, 'yar majami'armu ce ma, ta ce, "Ke dai ki bari a yi yadda aka saba, ba a wasa da wannan." Inna ta waiwayo ta ce, "Wanda nake bi ya taɓa kutare da hannunsa, ya taɓa gawa. Ran Lahadi tare muka ji. In na bar mutumin nan ya mutu a ruwan da bai kai idon sawu ba, me zan je in ce masa?" Ta durƙusa ta tallafo kan Tanko daga cikin ruwa, ta sa yatsa ta kwashe taɓon da ke bakinsa. Ta yi ƙoƙarin juya shi, amma ina, ko rabinsa ba ta kai ba. Ta ɗaga kai ta dubi zoben nan, maza sun fi a ƙirga, kowa ya sunkuyar da kai. Sai idonta ya sauka a kaina.

Ta ce, "'Yar nan, kama ƙafafun."

Wata ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke mai juna biyu? Ki rufa wa abin da ke cikinki asiri." Gaskiya ita ce haushin Inna na ji, haushi mai zafi. Na ce a raina, tsohuwar nan ta ci zamaninta, yanzu jikanta za ta bayar saboda ɓarawon hatsinta. Ban ji wata murya daga sama ba, ban kuma ji tsoron ya tafi ba. Abin da na gani shi ne nauyin kansa yana neman ya fi ƙarfin hannuwanta, kuma na san ba za ta saki ba, ko da za su kwana a nan. Ita ma tsoron take ji, na gani a bakinta, tana ta motsa shi tana kiran sunan Yesu a hankali. Na ce to, in ita da tsoronta ta je, ni ma sai in tafi da nawa. Na zare hannuna na shiga.

Ƙafafunsa sanyi ƙalau. Muka ja shi da ƙyar, muna zamewa, har muka fitar da shi kan tudun iyaka, muka kwantar da shi a gefe guda. Inna ta riƙa bubbuga bayansa tana kiran sunansa kamar mai tashin yaro, "Tanko, Tanko, ba yanzu ba." Can sai ya yi wani tari, ruwa da taɓo suka fito, ya ja numfashi mai ƙara. Ta cire mayafinta ta rufe masa ƙunar. Har yanzu ba wanda ya matso. Ta dubi Baffa ta ce, "Yaya, jakinka." Ya kau da kai ya ce, "Ni ban ba kowa jaki ba. Yana dai can a turke, kuma igiyar ba ta da wuyar kwancewa." Ni na je na kwanto shi. A lokacin matar Tanko ta fizge daga hannun mata, muka zama mu uku, muka ɗora shi. Mutanen gidansu suka ce ba za a shigar da shi ba sai an yayyafa, don haka ɗakin Inna muka kai shi, ta shimfiɗa masa tabarmarta, ta shafa masa zuma a ƙunar, ta riƙa ba shi kunu da ludayi kaɗan-kaɗan.

Washegari da hantsi maƙerin ya iso da ƙwaryar madararsa, dattijo mai mutunci, ya tarar aikin gama ya gama. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya rasa ta inda zai fara. Inna ta gaishe shi da kyau, ta kawo masa ruwa, sannan ta ce, "Baba, ka sha hanya. Ka je ka yayyafa wa itacen abin da za ka yayyafa, ba na hana ka. Amma ka rage mini rabi, marar lafiyar nan rabonsa da madara tun kafin jakinsa ya mutu." Dattijon ya dube ta, ya dubi Tanko, sai ya yi murmushi ya tsiyaya mata fiye da rabi. Liman ma ya zo ya yi wa Tanko addu'a, ya ce wa Inna Allah ya saka da alheri, ya fita ya yi wa mutanensa faɗan da na daɗe ban ji irinsa ba. Da mijina ya dawo ya nemo amalanke ya kai Tanko asibiti.

Ba a nan abin ya tsaya ba, don gonar Tanko na tsakiyar maimai, ciyawa na cin gero, kuma ba wanda zai yarda a yi gayya a inda aradu ta sauka. Ran Lahadi bayan sujada Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa matan zumuntar majami'a, "Gobe ina gonar Tanko. Ban ce kowa ta zo ba, na dai faɗa muku inda nake." Da safe mu biyu muka fara. Kafin rana ta yi zafi sai ga su ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar nan da ta ce a yi yadda aka saba, ta zo tana cewa ita ba noma ta zo yi ba, kallo ta zo, amma da fartanyarta. Muka jera muna waƙa. Mazan unguwar Musulmi suka ga mata sun shiga sun fito lafiya, kunya ta kama su, suka ƙarasa sauran.

Kada in yi ƙarya in ce na warke daga tsoro. Duk sauran daminar nan, da an yi cida sai in rungume cikina in shige ƙuryar ɗaki. Mata kuma ba su fasa kallona da tausayi ba, kamar wadda aka riga aka yi wa ta'aziyya. Sai bayan an yi girbi na sauka, namiji, lafiyayye, da ƙaton kai irin na ubansa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ɗan fari ne, amma yana nan, furfura ta cika masa kai, ya fi ni yawan ƙorafin ciwon gwiwa.

Ina cikin wankan jego wata rana sai ga Tanko ya yi sallama. Ya rame, hannunsa na hagu ya shanye, bai ƙara moruwa ba har ya mutu. Dami ne a kansa, na gero, ɗaurin kirki. Ya wuce kai tsaye ya sauke shi a gindin rumbun Inna, ya tsaya kansa a ƙasa. Inna na tankaɗe, ta ce, "Sannu, Tanko. Yaya yaran?" Ya ce suna lafiya. Ta ce ya gaishe su. Ya juya ya fita yana share ido da hannunsa mai lafiya.

Na ce, "Inna, ashe dai shi ne."

Ta ce, "Tun ranar na sani. Sawunsa na gani a gindin rumbu, duk ƙasar nan wa ke da ƙafa irin tasa? Na sa tsintsiya na share kafin ku tashi."

"To ashe aradun ba ta yi kuskure ba."

Ta ajiye rariya ta dube ni, irin kallon da take yi mini in na bar lungu. Ta ce, "Mutum ya tsaya a gindin dogon itace da ƙarfe a kafaɗa ana walƙiya, me kike so ya same shi? Allahn da ya ba da Ɗansa saboda ni ba zai kashe uban yara a kan dami ɗaya ba. In ma kin ce aiko ta aka yi, to, ni ma aiko ni aka yi." Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba.

Yau ba wanda yake jiran maƙera, yaran yanzu ma dariya suke yi in na ba su labarin madara. Suna cewa mutanen da akwai duhun kai. Ina jin su, ba na musu. Amma kwanakin baya, kafin a sare ɗorawar, muna dawowa daga sujada ni da jikata, muka tarar adaidaita sahu ta kife a bakin kwalta, direban na kwance a cikin kwata, jini na zuba daga kansa, ruwan kwatar na shiga masa hanci. Ga mutane an yi zobe, mai faɗi, irin wancan sak. Kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Na tambayi wani saurayi me ake jira, ya ce, "Iya, ba a taɓawa. In ya mutu a hannunka kai za a riƙe, ka yi ta zarya ofishin 'yan sanda." Na ce a raina, ashe aradun ba ta tafi ko'ina ba, suna ta sake.

Gwiwoyina ba sa lanƙwasuwa yanzu sai da rarrashi, kuma tsoron da saurayin ya faɗa ni ma na ji shi, don ban san hanyar ofishin kowa ba. Na miƙa wa wani yaro sandata, na sauka cikin kwatar da baya da baya, na tallafo kan mutumin, na cire ɗankwalina na danne inda jinin ke fita. Nauyinsa ya fi ƙarfina. Na ɗaga kai na dubi zoben, kowa ya kau da ido. Jikata na tsaye a gaba, da fararen takalmanta na Lahadi, ta toshe baki da hannu, idonta ya cika da tsoro da haushina. Na san kallon nan, na taɓa yin sa.

Na ce, "'Yar nan, kama ƙafafun."

Ta dube ni, ta dubi takalmanta. Sannan ta cire su ta ajiye a bakin kwalta, ta sauko.